Ni Na Rufe Wayar Mama Ranar Da Yayana Yake Nemanta

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, manya da ƙanana, Allah ya saka da alheri. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Kuma ina roƙo, kafin ku fara zagina ku daure ku kai ƙarshe. Ba wai ban cancanci zagin ba ne, na cancanta, sai dai babu irin wanda za ku yi min da ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, don wallahi kaina ya kulle.

Ni saurayi ne, a Tudun Wadan Zariya aka haife ni, a nan na girma. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayana wanda zan kira Yaya Habu, mahaifinmu kuwa ya rasu tun ina firamare. Kowa a layinmu Auta yake ce min. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, ba na bin 'yan mata. Jarabata ɗaya ce a duniya, gem ɗin kwamfuta. Ba wannan na waya da yara ke dannawa a bakin titi ba, ina nufin kwamfutar tebur wadda mutum zai haɗa da hannunsa, ya tsinto firosesa a nan, ya samo ram a can, ya yi wata da watanni yana mafarkin katin hoto guda ɗaya, wato ɓangaren da ke fito da hoton gem tar a allo. Wanda ba ya cikin harkar zai ce hauka ce, kuma ba zan yi masa musu ba. Abokina Ishaya, ɗan Wusasa da ke gyaran kwamfuta a wani shago a Kongo, shi ya jefa ni ciki. Sai mu wuni a shagonsa muna gardama kan fanka da zafin firosesa kamar masu yanke sadaki, har mai shayin da ke gefe ya taɓa ce mana, wai ku ba ku da wata damuwa ne a rayuwa? A lokacin kam ba ni da ita.

Yaya Habu mai walda ne, kuma hannunsa na da kyau. Da ya samu hanyar aiki a wata ƙasar Larabawa sai Mama ta ce sam ba ta san zancen ba. Ya yi lallashi, ya turo kawunnai, ya durƙusa, duk a banza. Ranar da zai tafi ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ce, "Ubanku ya tafi ya bar ni da ku, kai ma tafiyar za ka yi? To ka je, amma ba da yawuna ba." Ya tafi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ku fahimci wani abu game da mahaifiyata. Ba ta faɗa, ba ta zagi, shiru take yi, kuma shirunta ya fi duka ciwo. Ga kuma kunyar ɗan fari, don tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Habu ya fito daga bakinta ba, sai dai ta ce "yayanka" ko "wancan". Da fushi ya haɗu da wannan kunyar sai ya zama kamar an toshe rijiya da dutse.

Gidanmu tsohon gini ne, katangar ƙasa ce mai kauri aka yi mata shafen siminti, netwok ba ya shiga ɗakunanmu sai ka fita zaure ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Saboda haka da Yaya ya zauna da gindinsa a can, abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka jawo mana intanet na gida. Aka kafa ƙarfe a kan rufi, aka ajiye rauta a falon Mama, wato ɗan akwatin nan mai koren fitila da ke raba wa wayoyi waifai. Har sunan da za a sa wa waifai ɗin shi ya zaɓa, ya ce a rubuta "Gidan Mama". Ya ce min, "Auta, don ita na sa. Ko ba ta amsa ni ba, in dai na ga saƙona ya shiga wayarta hankalina zai kwanta." Duk Juma'a sai ya aiko mata da saƙon murya, ya gaishe ta, ya ba ta labarin zafin garin da abincinsu marar yaji. Takan saurara, alama biyu ta yi shuɗi, amma ba ta taɓa mayar masa da ko kalma ɗaya ba. Ni dai na san abin da shi bai sani ba, don sau da yawa ina jin muryarsa tana maimaituwa daga kicin tana tsintar wake, in na leƙo sai ta yi sauri ta tura wayar ƙarƙashin zane. Ni ma bai manta da ni ba. Katin hoton da na ishe shi da zancensa, shi ya saya ya ba wani mutumin Kwangila da zai dawo gida ya kawo min. Ranar da na ɗaura shi a kwamfuta ko abinci ban iya ci ba don murna.

Yanzu bari in yi wa waɗanda ba 'yan gem ba bayanin abu ɗaya, don a kansa na halaka. In kana wasa da mutane ta intanet akwai wata 'yar lamba a saman allo da muke kira ping, ita ke nuna jinkirin da ke tsakanin danna maɓallinka da isar umarnin. In ta yi ƙasa kai ne sarki. In ta hau, mutuminka zai daskare a tsakiyar fili, kafin ya motsa an harbe shi, abokan wasa su yi ta yi maka ihu a kunne. Mama kuwa akwai son bidiyon wa'azi, ga zauren dangi na waya da ba a rabuwa da bidiyon biki da suna. Da ta buɗe ɗaya sai lambar nan ta tashi sama. Na kai wa Ishaya kuka, ya yi dariya ya nuna min wani wuri a cikin saitin rauta, ya ce, "Ka ga nan? Kana dannawa duk wayar da ke gidan za ta fita, kwamfutarka kaɗai za ta rage. Amma don Allah in ka gama ka buɗe wa tsohuwa, kada ta tsine mana." Da farko ɗan lokaci kaɗan nake rufewa, ina yi ina jin nauyi. Daga baya ya zama kamar kunna fanka. In ta yi magana in ce, "Netwok ne Mama, zai dawo." Sai ta ce Allah ya kyauta, ta koma ta ɗauki carbinta. Wace uwa ce za ta zaci ɗanta ne ke janye mata abin da ɗan'uwansa ya saka dominta?

Ranar wata Asabar ce. Muna da gasa da wasu 'yan Legas da Fatakwal da suka daɗe suna raina mu, suna cewa wai a Arewa ma akwai intanet? Ana idar da sallar azahar na shiga ɗaki, na rufe kowace waya a gidan, har da tawa, na kifa ta a kan katifa, na ɗora hedfon a kai. Ba a jima ba Mama ta ɗaga labule ta ce wayarta ba ta motsi. Ko waiwayowa ban yi ba na ce netwok ne. Bayan la'asar, wadda ni ban ma tashi na yi ba, ta sake dawowa. Wannan karon ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shigo har kusa da kujerata, wayar na hannunta. Ta ce, "Auta, tun ɗazu gabana ke faɗuwa. Duba min abin nan, ko yayanka ya aiko da wani abu." Jama'a, tun da ya tafi ba ta taɓa tambayar saƙonsa da bakinta ba sai ranar. Da ina da hankali ai wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Amma idona na kan allo, muna gab da cinye su. Na ce, "Daga kamfanin ne Mama, duk Tudun Wada babu." Ta ce, "To ga taka tana yi?" Na ce, "Wannan ba ta cin intanet." Ishaya, da muke ƙungiya ɗaya a gasar, yana jin komai ta hedfon, ya ce min a kunne, "Kai Auta, buɗe mata mana." Na ce masa saura zagaye ɗaya. Ta ɗan tsaya tana kallon fitilun nan masu canza launi a cikin kwamfutar, sannan ta ce, "To, Allah ya sa lafiya," ta fita. Zagaye ɗaya ya zama uku, ya zama ban san adadi ba. Muka ci gasar dab da magariba, na tashi ina tsalle ina buga tebur, ina ce wa 'yan Legas su zo Zariya su koyi wasa.

Sai da na yi alwala na rama la'asar sannan na tuna, na koma na danna na buɗe. Kafin in ɗauke yatsana na ji wayar Mama daga falo ta fara ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, ba ƙaƙƙautawa, tawa ma ta hau rawa a kan katifa. Har yau wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba.

Ashe ƙarfe ne ya faɗo wa Yaya a wurin aiki tun wajen azahar ɗinmu. Jini na zuba ta ciki, an kwantar da shi ana jiran a shiga da shi tiyata, wani abokin aikinsa na riƙe masa waya. Duk tsawon lokacin da nake harbin mutanen ƙarya, yayana yana kwance yana kiran gida. Saƙon farko muryarsa a natse take: "Mama ina wuni. Na ɗan gamu da tsautsayi, za a yi min aiki, kada ki damu. Ina so ne ki ce kin yafe min kafin in shiga." Sai kira a jere da ba su shigo ba. Sai wani saƙon, numfashinsa ya fara nauyi: "Mama na ga alama ɗaya ce, ba ya shiga. Ko kin rufe ni ne? In kin rufe ni ban ga laifinki ba." A tawa wayar kuma ya ce, "Auta, har da kai? Ka taimake ni ka kai mata wayarka, kalma ɗaya nake so." Na ƙarshen gajere ne, ana jin ƙarar gadon da ake turawa: "Sun zo. Mama don Allah ki yafe min." Muka kira, abokin aikin ya ɗauka, ya ce ai ba a daɗe da shiga da shi ba. Daga baya ya faɗa min sun gwada ta layi bai shiga ba, ya ce bari ya nemi lambar maƙwabta, Yaya ya ce, "Bar shi, in ta rufe ni kada a matsa mata." Bai farka daga tiyatar ba. Washegari da hantsi aka kira aka faɗa mana, a can aka yi masa sutura, ko gawarsa ba mu gani ba.

Da a nan abin ya tsaya da na ce tsakanina da Ubangijina ne. Amma a zaman makoki wata maƙwabciyarmu, Hajiya ce babba, da ta ji ana cewa rashin netwok ne ya hana su sallama, sai ta ce, "Ikon Allah, mu kuwa kamfaninmu ɗaya da ku, kuma ranar wuni muka yi muna bidiyo da jikokina." Mama ta ɗago ta kalle ni. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, ko ba a gaban mutane ba. Me na ce? Na ce, "To wataƙila daga wayar ce." Wannan maganar ita ta kashe min uwa a tsaye. Don ashe can farkon tafiyarsa, ran da fushi ya ci ta, ta taɓa tambayar wata yarinya a islamiyyarsu yadda ake rufe mutum a waya, ta yi 'yan danne-dannenta ta bari. Sai ta ɗauko wannan ta ɗora wa kanta. Na ce mata ai da kin rufe shi da saƙonninsa na Juma'a ba su riƙa shigowa ba, ta ce, "Ni dai na san na taɓa wani abu, wa ya sani ko sai ranar ya kama." Na yi bayani har na gaji, ba ta ji. Yaya za ta ji, bayan ainihin bayanin na bar shi a cikina? Abin da take maimaitawa kawai shi ne, "Da yatsana na rufe ɗana, ya tafi yana ganin ban yafe ba."

Yau watanni ke nan. Matar da ke cika kujera yanzu zanenta sai ta ninka shi take ɗaurawa. Hawan jini ya kama ta, likita ya hana ta azumi, amma Litinin da Alhamis ba ta fashi, wai kaffara take yi. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina kallon wa'azin da nake jin haushinsa. Intanet ɗin da na yi ta rowarsa yanzu ga shi nan a wadace, babu mai taɓawa. Abu ɗaya take yi da shi. Kullum da hantsi sai ta zauna a falo kusa da rauta, ta buɗe lambar Yaya, ta danna ta yi magana. Ranar da na fara jin ta ina tsakar gida ne. Cewa take, "Habu, na yafe maka. Habu, tun ranar da ka fita na yafe, baki ne ya yi min nauyi." Sunan da ban taɓa ji a bakinta ba yana raye, yanzu kullum sai ta kira shi. In ta gama sai ta miƙo min wayar ta ce, "Auta duba, ya tafi?" In duba in ga alama ɗaya. In ce bai tafi ba tukuna. Ta ce to a bar shi, wataƙila anjima.

Ni kuwa kwamfutar nan na rufe ta da wani tsohon zanen Mama. Sau ɗaya na gwada kunnawa, fankokin suka fara juyawa, wallahi a cikin ƙararsu nake jin ƙil, ƙil ɗin nan, na fizge wayar wuta daga bango. In ina cikin keke wayar wani ta yi ƙara sai ranar nan ta dawo min. In na wuce ta falo ba na iya kallon koren fitilar rauta. In na ɗauki wayata abin da ke fara bayyana a sama shi ne "Gidan Mama". Saƙon da ya ce "har da kai" yana nan, ban goge ba, ban kuma sake saurara ba, ba na ma buƙata don na haddace har inda numfashinsa ya sarƙe. Na yi istigfari, na yi masa sadaka, na je gaban wani malami a Dutsen Abba da niyyar in faɗa, na ƙare da tambayarsa hukuncin rama sallah na taso.

Mutum ɗaya ne ya sani, Ishaya. Shi ma abin na cinsa, tun da ya zo ta'aziyya da mahaifiyarsa bai sake iya taka gidanmu ba. Kwanaki na je shagonsa, ya ajiye abin da yake kwancewa ya ce, "Auta, ni ba zan faɗa ba, ba hurumina ba ne. Amma matar nan kayan da ba nata ba take ɗauke da shi, kuma kana kallo yana danne ta." Na ce in na faɗa mata fa zuciyarta ta buga? Ya ce, "In ka yi shiru fa?" Na tashi na dawo gida.

Kuma bari in faɗi abin da na fi jin kunyarsa, tunda ba ku san fuskata ba. Ba lafiyarta kaɗai nake ji ba, kaina nake ji. Na ga abin da shirun Mama ya yi wa Yaya, shi da laifinsa kawai ya tafi nema mana abinci. To ni fa, da na tsaya a gabanta na yi mata ƙarya sau biyu saboda wasa, na hana ɗanta kalma ɗaya a bakin mutuwa, sannan na bar ta tana azumin laifina? In ta ce min ba da yawunta ba, ina zan sa kaina? Ni kaɗai na rage mata. In na faɗa, wataƙila ta sauke kayan amma ta rasa ɗa na biyu alhali yana raye. In ban faɗa ba, ina ganin yadda take ƙarewa kamar sabulu a ruwa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya bayan ta gama saƙonta ba ta tambaye ni ko ya tafi ba. Kamo hannuna ta yi ta saka min wayar, ta rufe da nata hannun, ta ce, "Auta, kai ka san kan abubuwan nan, kuma kai kaɗai na yarda da kai. Ka shiga cikinta ka bincika min da kyau. In ni ce ka faɗa min, zan iya ɗauka. In kuma ba ni ba ce, ka faɗa min ko na samu in yi barci." Na ce to. Wayar tana nan gabana a kan tebur, kusa da kwamfutar da ke lulluɓe, ko buɗe ta ban yi ba don na san babu abin da zan gani. Ɗazu ta ɗaga labule, daidai inda ta tsaya ranar, ta ce, "Ka duba?" Na ce ina kan dubawa. Ta ce, "Yi a hankali, amma ka dawo min da ita kafin azahar, kada Habu ya ji ni shiru."

An kusa kiran sallah, tana falo tana jirana. Don Allah jama'a, ku da kuke da iyaye mata da ku da kuka haifa, me zan yi?